Kaska ba allura ba ce

Da yawa daga cikin masu kiwo a birnin Kano, har da masu karatun cikinsu, sun ɗauka kaska tana yaɗa cuta ne yadda allurar da ba a dafa ba take yi: ta tsotsi jinin dabba marar lafiya, ta koma kan mai lafiya ta zuba mata abin da ta kwaso. Da haka lamarin yake, da an huta. Allura ba ta ajiye ƙwayar cuta wata shida, ba ta ciyar da ita har ta hayayyafa, ba ta kuma haifar 'ya'yan da za su gaji cutar. Kaska tana yin duk waɗannan. Wanda bai fahimci zaman da bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, ke yi a cikin jikinta ba, zai yi ta kashe kuɗi a kan maganin feshi da allurar dabbobi, cutar kuma tana dawowa duk damina.

Kaska mai taurin baya, irin wadda muke gani a jikin shanu da tumaki da karnuka, sau uku macenta take cin abinci a duk rayuwarta. Daga ƙwai takan fito 'yar mitsitsiya mai ƙafa shida, da ƙyar ido ke ganinta. Ta hau ciyawa ta jira, ta samu dabba ta maƙale, ta sha jini na 'yan kwanaki, ta faɗo ƙasa. A ƙasa take yin saɓa ta zama matashiya mai ƙafa takwas. Ta sake neman dabba, ta sha, ta faɗo, ta sake saɓa, ta zama babba. Shan jini na uku kan ɗauke ta mako guda ko fiye, ta kumbura har nauyinta ya ninka kamar sau ɗari, sannan ta saki dabbar, ta samu lungu ta zuba ƙwai dubbai, ta mutu. Idan aka haɗa kwanakin da ta yi a jikin dabba gaba ɗaya, 'yan makonni ne. Sauran rayuwarta duk a ƙasa ta yi shi, cikin yayi da ƙarƙashin kashin shanu da tsagar bango.

Wadda ta fi cutar da dabbobinmu ita ce masana ke kira Amblyomma variegatum. Duk wanda ya taɓa ɗaga wutsiyar saniya da damina, ko ya duba hantsarta, ya ga namijinta: bayansa da zane ruwan goro da baƙi kamar an yi masa ado, ƙafafunsa da zobe-zobe fari, bakinsa dogo, ya nutsa shi cikin fata har sai ka ja da ƙarfi ya fito da ɗan nama. A ƙasa mai damina ɗaya irin tamu, shekara guda take ɗauka kafin ta kammala zagayen rayuwarta. Manya suna fitowa da faɗuwar ruwa, 'yan mitsitsin suna ƙyanƙyashewa wajen ƙarshen damina, matasan kuma su ne ake gani da rani. Ta fi son wuri mai damshi da ciyawa, irin kudancin jihar wajen Doguwa da dajin Falgore, amma dabbobin da ake kawowa birni daga Wudil da Ɗambatta da sauran kasuwanni suna shigo da ita har cikin lunguna.

To, a nan tambayar take. Ƙwayar bakteriya da 'yar mitsitsiya ta sha a watan Oktoba, ba za ta samu hanyar shiga wata dabba ba sai kaskar ta zama matashiya, wataƙila a Disamba ko Janairu. Wadda matashiya ta sha da rani sai ta jira damina. A tsakani, ta bar jiki mai ɗumi da wadataccen abinci, ta koma jikin da ke bin zafin gari da sanyinsa, wanda ke fama da yunwa wata da watanni, wanda kuma zai narkar da wasu sassansa ya sake gina su a lokacin saɓa. Yawancin ƙwayoyin cuta ba sa tsallake wannan. Kaska tana shan jinin dabbobi masu ɗauke da cututtuka iri-iri, amma ƙalilan ne take iya yaɗawa, su ne waɗanda suka san yadda ake zama a cikinta.

Abu na farko da ya taimake su shi ne yadda kaska ke narkar da abinci. Sauro yana zuba sinadaran narkarwa kai tsaye a kan jinin da ke cikin hanjinsa, ya gama da shi cikin kwana biyu ko uku. Kaska kuwa ajiye jinin take yi a hanji, ƙwayoyin halittar da ke bangon hanjin su riƙa haɗiye shi kaɗan-kaɗan suna narkar da shi a cikin kansu. Saboda haka cikin hanjin bai cika zafin sinadarai ba, baƙo yana iya daɗewa. Amma ba lafiya lau yake zaune ba. Jini yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai yawa, kuma idan ya warware yana haifar da guba mai ƙona ƙwayoyin halitta. Kaskar ma tana da nata garkuwar jiki, wasu ƙananan furotin masu huda bangon bakteriya, har gutsattsarin jan sinadarin jinin da ta narkar tana amfani da su wajen kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa adadin bakteriyar kan ragu sosai bayan an gama shan jini an yi saɓa. Waɗanda suka rage su ne iri.

Hanya biyu ake bi a tsira. Ta farko ita ce shigewa cikin ƙwayar halittar kaskar kanta, kuma ita ce hanyar Ehrlichia ruminantium, mai haddasa ciwon da likitocin dabbobi ke kira ruwan zuciya. Wannan bakteriya ba ta iya rayuwa a fili ko kaɗan. Da ta isa hanji sai ta shiga ƙwayoyin bangonsa, ta zauna cikin wata 'yar jaka da ƙwayar ta yi mata, ta riƙa rabuwa biyu-biyu har ta zama dunƙule. Tana da siffa biyu, wata mai laushi mai hayayyafa, wata ƙarama mai tauri wadda ita ce ke fita ta kama sabuwar ƙwaya. A wannan maɓoya take tsallake saɓa, kuma an tabbatar kaska tana iya riƙe ta aƙalla wata 15. Edmund Cowdry ne ya fara ganinta a madubin likita a Afirka ta Kudu a 1925. A nan gida, Farfesa Albert Ilemobade ya yi aiki mai zurfi a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, kuma har yau masu binciken wannan ciwo suna komawa ga abin da ya rubuta.

Wanda ya taɓa ganin tunkiyar da ciwon ya kama ba ya mantawa. Zazzaɓi ne mai zafi da farko, ta daina ci. Sai ta fara tafiya tana ɗaga ƙafafun gaba sama fiye da kima, tana zagaye wuri ɗaya, tana tauna ba komai a bakinta, wani lokaci ta dafa kanta a bango. Daga nan ta faɗi gefe guda tana harba ƙafafu, wuya a sanƙare baya. Idan an yanka, za a tarar da ruwa ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya da cikin ƙirji, domin bakteriyar ta lalata bangon ƙananan hanyoyin jini suna yoyo. A gidaje da dama idan haka ta faru, iska ake zargi ko guba, kaskar da ke maƙale a ƙasan cikinta tun makonni biyu da suka wuce ba wanda ya tuna da ita.

Hanya ta biyu ita ce ta Borrelia burgdorferi, mai haddasa ciwon Layim a Amurka da Turai. Ba ciwonmu ba ne, kuma kaskar da ke ɗaukarsa ta ƙasashen sanyi ce, amma babu bakteriyar kaska da aka bincika kamarta tun da Willy Burgdorfer ya gano ta a hanjin kaska a 1981, don haka daga gare ta aka koyi yawancin abin da aka sani. Ita ba ta shiga cikin ƙwaya. Manne wa bangon hanji take yi da wani furotin na fatarta da ake kira OspA, wanda ke kama wani furotin na hanjin kaskar ya riƙe gam. Sannan ta rage komai nata, ta kusa daina hayayyafa, ta sauya abinci. Da sukarin jini ya ƙare, sai ta koma cin gilisarol, wani sinadari da kaskar ke tarawa don jure sanyi, da kuma wani sukari da ke fitowa daga ɓawon jikin kaskar a lokacin da take sake shi. Abin da ya fi ba ni mamaki game da ita shi ne yadda ta kauce wa gubar ƙarfe: kusan duk mai rai yana buƙatar ƙarfe, ita kuwa ta yi watsi da shi, ta maye gurbinsa da wani ma'adini da ake kira manganis.

Haka take zaune har ranar da kaskar ta sake samun dabba. Jini mai ɗumi ya fara shigowa, zafin wurin ya tashi zuwa wajen digiri 37, yanayin tsamin hanjin ya sauya. Bakteriyar tana jin waɗannan alamu. Sai ta fara hayayyafa da sauri, daga ɗaruruwa zuwa dubun dubata cikin kwana biyu ko uku, ta rage OspA da ke ɗaure ta, ta fito da wani furotin, OspC, wanda take buƙata don rayuwa a jikin dabba. Kaɗan daga cikinsu ne ke ratsa bangon hanji, su faɗa ruwan jikin kaskar inda ƙwayoyin garkuwar jikinta ke cinye wasu, su isa jakunkunan yawu. Daga nan yawu ya kwashe su zuwa cikin fata. Duk wannan yana cin lokaci, shi ya sa a ciwon Layim ba a cika kamuwa ba sai kaskar ta yi kwana ɗaya da rabi ko biyu a maƙale.

An lura da wannan farkawa tun kafin a san dalilinta. A 1923, Spencer da Parker, masu binciken zazzaɓin tsaunukan Roki a jihar Montana, sun niƙa kaskar da ba ta ci abinci ba mai ɗauke da Rickettsia rickettsii, bakteriyar da ke haddasa zazzaɓin, suka yi wa dabbobin gwaji allurarta, dabbobin ba su yi ciwo ba. Da aka bar irin wannan kaska ta sha jini tukuna, ko aka ɗumama ta na kwana ɗaya ko biyu, sai allurar ta zama mai kisa. Bakteriyar tana nan tun farko, ƙarfinta ne yake kwance. A ciwon ruwan zuciya ma akwai irin wannan jinkiri: matashiyar kaska takan yi fiye da kwana guda kafin ta fara zuba cutar, babba kuma kwana biyu zuwa uku.

Wannan tazara ita ce babbar damar mai kiwo, kuma a ganina ba a ba ta muhimmancin da ya kamata. Bafulatanin da ke kwantar da saniyarsa da sassafe yana cire mata kaska da hannu, shi da yaransa, yana yin abin da ya dace da ilimin nan daidai, ko da bai taɓa jin sunan Ehrlichia ba. Kaskar da aka cire a ranar da ta hau, galibi ba ta kai ga zuba komai ba. Bincike a Burkina Faso ya ƙara nuna wani abu mai amfani: manyan Amblyomma sukan fara maƙalewa a tsakanin kofato ne a wurin kiwo, sai dabbar ta kwanta da dare su hau zuwa hantsa da ƙirji. Daga nan aka fito da dabarar ratsa shanu ta cikin ɗan kwarmin ruwan magani da yamma idan sun dawo, wanda bai kai wankan jiki duka cin magani ba.

Yawun kaska shi kansa abin dubawa ne. Halittar da za ta yi mako guda da baki a cikin fatar wani ba tare da an ji ta ba, dole ta zo da shiri. A yawunta akwai abin da ke manne bakinta da fata, da mai hana jini daskarewa, da mai kashe zafi da ƙaiƙayi, da masu danne garkuwar jiki a daidai wurin cizon. Bakteriya tana shiga ne ta wurin da aka riga aka kwantar mata da masu tsaro. Ita Borrelia har lulluɓe kanta take yi da wani furotin na yawun don kada garkuwar dabbar ta gane ta. Wannan danniya ce kuma ta haɗa Amblyomma da kirci. Bakteriyar kirci a fata take, ba a cikin kaskar take girma ba, amma garken da manyan Amblyomma suka yi wa yawa da damina shi ne kirci ke yi wa mummunan kamu, kuma idan aka rage kaskar, kircin yakan ragu.

Sai batun gado, wanda shi ne ya raba cututtukan kaska gida biyu. Wasu bakteriya suna bin kaska daga ƙuruciya zuwa girma, amma da macen ta mutu sun mutu tare da ita, ƙwanta yana fitowa da tsabta. Wasu kuwa suna shiga ma'ajiyar ƙwai, su kutsa cikin ƙwan tun bai yi ɓawo ba, 'ya'yan su ƙyanƙyashe da cutar a jikinsu. Abin sha'awa, kaska ɗaya tana iya ɗauke da iri biyun. Ehrlichia ruminantium kusan ba ta bin ƙwai, saboda haka kowace sabuwar zuriya sai ta sha jinin dabba mai ɗauke da ita tukuna. Kuma ana samun irin waɗannan dabbobi, domin saniya ko tunkiyar da ta warke tana iya riƙe ƙwayar a jininta watanni ba tare da alamar ciwo ba. Amma Rickettsia africae, wadda ita ma a cikin Amblyomma take, tana bin ƙwai sosai, har a wurare da yawa na Afirka aka tarar fiye da rabin kaskar da aka gwada tana ɗauke da ita. Wannan mutane take kamawa. Ba ta buƙatar wata dabba marar lafiya, kaskar ce rumbunta, kuma 'yar mitsitsiyar da ba ta taɓa shan jinin kowa ba tana iya sa wa mutum zazzaɓi.

Mai karatu zai iya tambaya, in haka ne me ya hana kowace bakteriya bin ƙwai? Amsar ita ce zama a jikin kaska yana da tsada ga kaskar. Wani gwaji a Amurka ya nuna Rickettsia rickettsii tana kashe mafi yawan kaskar da ta kama tun suna ƙanana kafin su kai girma, matan da suka tsira kuma ƙwansu ya ragu. Mai tsananin zafi yana cinye gidan da yake zaune. Akwai kuma gasa a tsakaninsu. A kwarin Bitterroot na Montana an daɗe ana mamakin yadda zazzaɓin yake kashe mutane a yammacin kogi, gabashinsa kuma lafiya, alhali kaska iri ɗaya ce. Daga baya aka gano kaskar gabas tana ɗauke da wata Rickettsia marar cutarwa da ta riga ta mamaye ma'ajiyar ƙwai, ta hana mai cutarwar samun wuri. Wata kuma biyan haya take yi: Anaplasma phagocytophilum tana sa kaskar da ke ɗauke da ita ta ƙara samar da furotin mai kare ta daga daskarewa, ta fi 'yan'uwanta jure hunturu.

Har ma akwai waɗanda kaska ba ta iya rayuwa sai da su. Jini abinci ne mai ƙarancin bitamin B, halittar da ba ta cin komai sai jini kuwa dole ta samo shi a wani wuri. Yawancin kaska suna ɗauke da bakteriya na gado, 'yan'uwan Coxiella ko Francisella, masu haɗa musu waɗannan bitamin. A wani gwaji an kashe su da maganin kashe bakteriya a jikin wata kaskar Afirka, sai girmanta ya tsaya, da aka zuba bitamin B a jinin da ake ba ta kuma ta ci gaba da girma. Wannan yana bayyana dalilin da ya sa jikin kaska bai cika tsananta wa baƙi ba. Halittar da ta dogara da wasu bakteriya ba za ta iya kashe duk wanda ya shigo ba, masu cutarwa kuma 'yan dangin masu amfanin ne.

Namijin kaska bai kumbura kamar mace, yana iya yin makonni ko watanni a jikin dabba yana ɗan sha yana neman mata, kuma idan shanu suna kwance jiki da jiki yana iya sauya dabba. Anaplasma marginale, mai cinye jajayen ƙwayoyin jinin shanu har saniya ta rame idonta ya yi ɗorawa, tana amfani da wannan. Namijin ya sha daga mai ciwo, ta hayayyafa a hanjinsa ta wuce jakar yawu, ya koma kan wata saniyar ya zuba mata, ba tare da an jira saɓa ba. Wannan ciwo kuma yana bin allura ta gaske, idan aka yi wa garke duka da guda ɗaya, da wuƙar shasshawa ko ta dandaƙa. Cikin masu ɗaukarsa akwai Rhipicephalus microplus, baƙuwar kaska da ta shigo Afirka ta Yamma a jikin shanun da aka sayo daga Brazil, aka gano ta a Kodebuwa a 2007, ta bazu har Najeriya. Ita duk matakanta uku a jikin saniya ɗaya take yi, tana hayayyafa da sauri, kuma ta yi suna wajen jure magungunan feshi.

Duk abin da na faɗa game da jinkiri bai shafi kaska mai laushin jiki ba, kuma ita ce ta fi kusa da matan gida masu kiwon kaji. Da rana ba a ganinta. Wadda ta shiga akurki da dare da tocila ta haska tsagar bango ko ƙarƙashin katakon da kaji ke kwana, za ta ga wasu abubuwa falala, masu launin ƙasa, suna fitowa a hankali. Argas persicus ke nan. Cikin minti kaɗan zuwa sa'a guda take shan jininta ta koma maɓoya, kuma sau da yawa take sha a rayuwarta. Tun da babu lokacin farkawa da tafiya daga hanji, bakteriyar da ke cikin irin wannan kaska tana riga ta tare a jakar yawu tana jira. Borrelia anserina, mai sa kaji zazzaɓi da koren zawo su yi ta mutuwa, haka take yi, tana kuma bin ƙwai. Kaska mai laushi tana iya yin shekaru ba ta ci ba. Shi ya sa uwar gida za ta ga kajinta sun ƙare, ta bar akurkin wata da watanni, ta sayo sababbi, su ma su bi sahu. 'Yar'uwar wannan kaska da ke zaune a ramukan ɓeraye a Senegal tana yaɗa Borrelia crocidurae ga mutane, kuma dogon bincike a ƙauyen Dielmo ya nuna tana cikin manyan masu haddasa zazzaɓi a can, wanda aka daɗe ana ɗauka na cizon sauro ne.

Idan Babbar Sallah ta gabato, raguna na cika bakin titi da filayen unguwanni. Mai saye yakan duba haƙori da ƙaho da ƙiba, dillali yana cewa, "Alhaji, ɗaga ka ji nauyi, wannan turkakke ne." Da wuya ka ga wanda ya duba ƙasan ciki da tsakanin kofato da cikin kunne. A kai ragon gida a ɗaure kusa da tumakin Hajiya na kiwo. Yaro ya ga ƙatuwar kaska ta cika da jini, ya cire ya yar a gindin turke. Wannan da aka yar, in ta riga ta ƙoshi, an taya ta sauka ne kawai, za ta shige ƙarƙashin dusa da yayi ta zuba ƙwanta. Wuta ko kananzir ya kamata a jefa ta, kuma kada a murƙushe ta da yatsu, domin abin da ke cikinta yana iya shiga ta ƙaramin rauni. Sabuwar dabba kuma a ware ta, a duba ta, a yi mata magani kafin ta haɗu da na gida, a share turken a ƙone sharar, a liƙe tsagar bango.

Ban goyi bayan masu ganin mafita ita ce a yi ta feshi har kada a bar kaska ko ɗaya ba. Ɗan maraƙi yana da wata juriya ga ciwon ruwan zuciya a makonninsa na farko, kuma idan kaska mai cutar ta cije shi a lokacin, yakan samu kariya ba tare da ya kwanta ba, cizon da ke biyo baya kuma yana sabunta ta. Haka shanunmu na gida irin Bunaji suke zaune da cutar. Garken da aka tsare daga kaska gaba ɗaya ya rasa wannan kariya, ranar da magani ya yanke ko ya daina aiki sai a yi asara mai yawa. Ga dabbobin gida, rage yawan manyan kaska da damina ya fi hankali. Lissafin ya bambanta ga masu gonakin madara a kewayen birni da ke sayen shanun Turai ko ruwa-biyu, domin waɗannan ba su da juriyar, kaska ɗaya mai cutar ta isa ta kashe saniyar miliyoyin naira. Su kam tsaro sosai ya kama su, da ma'aunin zafi a hannu, saboda oksitetrasaikilin, maganin da ake ba dabbar da ciwon ya kama, yana aiki ne idan an ba da shi tun a matakin zazzaɓi, kafin ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ke ɓata duka biyun shi ne tsarma maganin feshi da ruwa fiye da ƙa'ida don ya auka, wanda ke kashe raunanan kaska ya bar masu juriya su hayayyafa.

Ɓangaren mutane ne ya fi damuna. A 2015 an wallafa binciken da ya gano Rickettsia aeschlimannii, mai sa mutum zazzaɓi da ƙuraje, a jikin kaskar Hyalomma da aka ciro daga raƙuma a nan Kano. Mahauta da masu fiɗa da 'yan kamasho da masu jima suna taɓa waɗannan dabbobi da fatunsu kullum. Zazzaɓin Rickettsia yana zuwa da ciwon kai da ciwon jiki, sau da yawa da ɗan baƙin tabo mai jan kewaye a wurin cizon, da kaluluwa a kusa da shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya taɓa shi, doksisaikilin kuwa, mai araha da ake samu ko'ina, yana kawar da shi cikin 'yan kwanaki. Mai aikin dabbobi da zazzaɓinsa ya ƙi jin magani, ko aka gwada jininsa ba a ga maleriya ba, ya gaya wa likita irin sana'arsa, ya kuma nuna masa tabon in akwai. Ma'aikatan lafiya a asibitocin unguwannin da ke kusa da mayanka da kasuwannin dabbobi su ma ya kamata tambayar cizon kaska ta shiga cikin tambayoyin da suke yi wa mai zazzaɓi, su duba hammata da matsematsi da bayan gwiwa, domin a irin waɗannan wurare tabon yake ɓuya.